Jan Tiyon Injiniya Waliyyu

Duk wanda ya ce Aliero ba ta da abin alfahari sai albasa, to bai taɓa yin ido biyu da Injiniya Waliyyu ba. Albasa sai an yanka ta take sa mutum hawaye. Injiniya kuwa baki kawai zai buɗe, ka ga idanun jama'a sun cicciko, wasu don mamakin ilimi, akasari don hamma.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Injiniyoyin duniya sai sun shekara biyar suna goge bencin jami'a kafin a ba su sunan. Shi wata uku ya yi, kuma bai ɓata lokacinsa a cikin aji ba. Shekarar da wani kamfani ya zo gyaran hanya, aka ɗauke shi riƙon makullin ɗakin da ake ajiye shebur da diga. Ranar da aka sallami ma'aikata kowa ya mayar da kayan aiki, shi kuwa ya manta hular kwano a kansa. Da ita ya shigo gari, ruwan ɗorawa, tana ƙyalli. Wani mai rake ya hango shi, ya ce cikin raha, "A'a, Injiniya!" Waliyyu ya waiwaya ya amsa. Tun daga ranar bai daina amsawa ba. Wanda ya kira shi da sunan da liman ya raɗa masa kuwa, da bango yake magana.

Ayyukansa ba su ɓuya. Ya taɓa gyara rediyon surukinsa, rediyon ya huta da surutu har abada. Ya gyara fankar masallacin unguwa, ta koyi ladabi, tana juyawa a hankali ba ta tayar wa kowa da hula. A aljihun gaban rigarsa akwai biro uku, ja da baƙi da shuɗi, da ɗan sukundireban gwada wuta wanda ƙwansa ya mutu tun yana sabo. Ba ya rubutu da birorin, ba ya gwada wuta da sukundireban. Amma ai soja ma ba kullum yake harbi ba.

Manoman albasa na unguwarsu sun gaji da roƙon masu motocin haya duk lokacin kwasar amfani, sai suka haɗa hannu suka sayi wata tsohuwar roka, babbar motar kaya mai shan man gas. Suka ba Gado tuƙi, dattijo ne mai ƙarancin magana wanda ya san kowane rami na hanyar kudu kamar shi ya haƙa. Da aka zo neman wanda zai riƙa lura da lafiyar motar, kowa ya noƙe, don gona ba ta jira. Nan Waliyyu ya miƙe ya gyara hula, ya ce ya amsa kiran jama'a. Aka duba hagu da dama, ba a ga wanda ya yi kiran ba. Kafin a watse ya yanka wa kansa muƙami: Babban Darakta Mai Kula da Harkokin Inji da Sufuri. Inji ɗaya ne, mota ɗaya ce, amma harkokin, in ji shi, ba su ƙirguwa.

Shekara guda motar ta yi lafiya lau, saboda Gado yana kai ta gareji a ɓoye ranakun da Darakta ya tafi ɗaurin aure.

Sai ga bazarar bana. Albasa ta bushe, an ɗinke buhuna, dillali a kudu yana ta bugo waya cewa in kaya ba su iso kafin kasuwar mako ba, motocin wasu garuruwa za su riga su, farashi ya faɗi. Wadda ta fi kowa kaya a wannan lodi ita ce Hajiya Gudiya. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonarsa, da wannan albasa take ciyar da gida mai baki goma sha. Ba ta da biro ko ɗaya, amma in ta yi gyaran murya a taron ƙungiya, har masu waya a kunne sai sun sauke.

Ana saura kwana uku a yi lodi, Gado ya murza makulli da safe. Roka ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru. Ya buɗe ya leƙa, ya shafa nan ya shafa can, ya ɗago hannu sharkaf da mai. Daidai lokacin Injiniya ya iso.

"Mi ya hwaru?"

"Tiyo na, Injiniya. Wanda ka kawo mai daga tanki zuwa famfo ya tsattsage, shina shan iska. Ƙaramin da ka maida sauran mai tanki shi ma ya tsufa. A sauya su, shi ke nan."

Injiniya ya yi murmushin tausayi, irin wanda malami kan yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai kai ba. Ya jira har mutane suka taru, don ilimi ba a zubar da shi inda babu masu ɗiba.

"Gado," in ji shi, "kai direba na. Direba aikinshi sitiyari. Abin ga da kake cewa tiyo, mu a fanninmu jijiya muka ce mashi. Inji kamar ɗan Adam yake. Tanki shi ne ciki, famfo shi ne zuciya, salansa kuwa, to, akwai mata a wurin ga, ba sai na faɗi ba. Ba a yanke hukunci kan mara lafiya da shafa. Sai an yi bincike."

Aka yi bincike. Ya zagaya motar sau bakwai. Ya buga taya da ƙafa. Ya kara kunne a jikin ƙofa. Ya sa aka kunna masa fitilun gaba da rana tsaka. Ya zaro sukundireba ya taɓa batir, ya girgiza kai, ya mayar aljihu. Da aka kira azahar ya tara jama'a ya bayyana sakamako: bayan dogon nazari, ya gano cewa tiyo ne ya tsattsage, yana shan iska. Wasu suka yi kabbara. Gado ya dubi ƙasa.

Da Injiniya ya ɗaura niyyar tafiya Jega sayo sabo, Gado ya kwance tsofaffin tiyon biyu ya miƙa masa.

"Tahi da su, a gwada a ba ka daidai da su."

"In tahi da su?" Injiniya ya ja da baya kamar an miƙa masa mushen ɓera. "Ka taɓa ganin likita ya tahi kantin magani da gawa a kafaɗa? Idona ma'auni na, Gado. Abin da nig gani sau ɗaya ya zauna nan." Ya ƙwanƙwasa hular kwano. Ta yi ƙara irin ta tulun da babu ruwa.

A Jega akwai garejin Jeremiah, mutumin Zuru ne, ya fi shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin manyan motoci. Hannunsa ya yi baƙin da sabulu ya sallama. Shi ne wanda Gado ke kai wa roka a ɓoye, saboda haka ya san motar fiye da yadda Darakta ya san aljihunsa. Da ya ga baƙonsa, ya goge benci ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

"Injiniya," in ji Waliyyu.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Me aka samu?"

Da ya ji bayani, Jeremiah ya shiga ciki ya fito da wani baƙin tiyo mara kwalliya, ya yanki ɗan guntu ya nuna bakin. "Ka ga zaren nan da ke tsakiyar robar? Shi ke hana shi shaƙewa idan famfo ya ja mai. Robar kuma irin wadda man gas ba ya ci ce, ga zafin inji ba ya narka ta. Amma ramin ciki shi ne magana. In ya yi faɗi, iska za ta shiga ta gefe, in ya yi ƙanƙanta, mai ba zai isa ba. Na dawowa kuma girmansa daban. Sai a ɗaure kowanne da kilif, ba da waya ba. Ina tsofaffin?"

Injiniya ya saurara yana gyaɗa kai, kamar mai jarrabawa da ke jin ko yaro ya haddace. Sannan ya ɗaga hannu, ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe.

"Ga girmanshi."

Daga nan ya shiga tarihin yadda ya taɓa ba Turawan kamfani shawara suka ƙi ji, har gada ta tsage. Yana magana yana wurga hannu, zoben yana buɗewa. Jeremiah ya zuba wa yatsun ido har labari ya ƙare.

"Injiniya, wanne zan yanka? Tun da ka fara magana ramin nan ya ƙaru sau biyu."

Masu jiran gyara da ke kan benci suka tuntsire da dariya. Injiniya bai ji haushi ba, don manya ba su jin haushi, sai dai su ɗauki mataki. Ya ɗaga baƙin tiyon da yatsa biyu.

"Wanga abu, baƙi ƙirin kamar wutsiyar jaki, shi za a sa wa motar ƙungiya? Ku matsalarku ke nan, bakanikai. Abin da kunka iske iyayen gidanku na yi, shi kuke yi. Babu bincike, babu hangen nesa. Duniya ta ci gaba, ku kuna ƙarƙashin mota."

"Can ne aikin yake," in ji Jeremiah, ya koma ƙarƙashin motar.

Injiniya ya kutsa cikin kasuwa yana huci. Ya wuce masu buhuna, ya wuce masu robobi, sai ga shi gaban wani shago da ake sayar da murhun zamani da tukwanen gas na girki. A bakin ƙofa aka rataye wani naɗi na tiyo, ja jawur, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Injiniya ya tsaya cak.

"Malam, wanga tiyon mi ne?"

"Tiyon gas ne, Alhaji."

A nan ne haske ya sauko. Masana sun ce manyan abubuwan da aka gano a duniya duk a cikin ƙiftawar ido aka gano su. Roka mi take sha? Gas. Wannan tiyon mi ne? Na gas. Shekara ashirin Jeremiah yana birgima cikin baƙin mai bai taɓa haɗa waɗannan kalmomi biyu ba, ga shi shi ya haɗa su a tsaye, ko zama bai yi ba. Cewa gas ɗin girki iska ne, na mota kuwa mai ne, wannan ƙaramar magana ce da ba ta kai a tsayar da babban tunani dominta ba.

"Tukunyar taka babba ce ko ƙarama?" in ji mai shago.

"Tukunyata," in ji Injiniya, "tana ɗaukar buhu ɗari biyu, kuma tana zuwa Ikko ta dawo."

Mai shago ya yi dariya, ya ɗauka Alhaji mai barkwanci ne. Ya tambayi yadi nawa za a yanka. Injiniya ya ce ba a yanka wa ƙungiya abu kamar mai sayen zanen jariri, a sauko da naɗin gaba ɗaya. Ya rataya shi a kafaɗa ya hau kabu-kabu zuwa tasha, mutane na kallonsa, shi kuma yana amsa kallon da ɗaga hannu.

Washegari aka yi bikin ɗaurawa. Ba a aika goron gayyata ba, amma Injiniya ya sa an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya. Gado ya juya jan tiyon a hannu, ya matsa shi, ya ga ya lotse kamar hanjin kaza.

"Injiniya, wanga ba irin na girki ba ne? Na ga irinshi wurin masu shayi."

"Madalla da wagga tambaya," in ji Injiniya, ya juya ga jama'a. "Ku ji hwa. Wuta da inji wa ya fi zafi? Wuta. To abin da ya zauna kusa da wuta bai ji tsoro ba, inji za shi tsorata shi? Na biyu, launi. Baƙin tiyo in ya tsage ba ka gani, don mai baƙi, tiyo baƙi. Ja kuwa ko daga nesa shina ba da rahoto. Ƙasashen da sunka ci gaba duk sun koma ja."

Ba wanda ya taɓa zuwa ƙasashen da suka ci gaba, saboda haka ba wanda ya musa.

Da aka zo sawa, ramin ya yi wa bakin famfo yawa, yana shiga yana fita kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Injiniya ya ce da ma haka ake so, don mai ya samu wurin numfashi. Ya sa aka yanko tsohon tayan keke aka nannaɗe bakin, ya bi da wayar ɗaurin buhu ya murɗe da filaya. Na dawowa ma da jan ya yi shi, girma ɗaya, don a cewarsa adalci ya fi kyau ko a cikin inji. Gado ya fitar da iska, ya hau ya murza makulli.

Roka ta tashi.

Wani lokaci idan Allah zai jarrabi bawa, sai ya ba shi abin da ya roƙa. Injin ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, yara suka yi sowa. Injiniya ya tsaya hannu a ƙugu, yana kallon nesa, kamar wanda ake shirin zana hotonsa a jikin kuɗi. Hajiya Gudiya kaɗai ba ta tafa ba. Ta ja Gado gefe.

"Gado, tsakaninka da Allah, ka yarda da abin ga?"

"Hajiya, ni direba na. An ce aikina sitiyari."

Ta daɗe tana kallon motar. Lokaci ya ƙure, babu wata motar haya da ba a riga an kama ba. Ta ce Allah shi kiyaye, ta tafi duba buhunanta.

Ranar tafiya aka yi lodi tun da sanyin safiya, buhu kan buhu har sama, aka ja tamfol aka ɗaure. Injiniya ya sanar cewa zai raka kayan da kansa, domin sabuwar fasaha tana bukatar mai ita a kusa. Ya hau gaba da hular kwano da sabuwar shadda, ragowar naɗin tiyon a kan cinya. Da suka shigo Jega ya sa Gado ya rage gudu daidai garejin Jeremiah, ya miƙa hannu ya danna oda sau uku. Jeremiah ya fito da kai daga ƙarƙashin wata tirela, ya karkata kunne ga ƙarar injin, ya dubi rana, ya koma ciki.

Har suka wuce Maiyama lafiya, Injiniya yana bayyana wa Gado shirinsa na rubuta wa kamfanonin ƙera motoci wasiƙa. Rana ta take. Kwalta ta fara rawa a gaban gilashi. Sai roka ta yi wata ajiyar zuciya. Gado ya taka totur, ta amsa da kyar, kamar wadda aka tasa daga barci. Ta yi tari biyu, ta ja jiki, ta yi tari uku. Daidai Andarai, kusa da wata rumfar mai abinci, ta gangara gefen hanya ta yi shiru.

Gado ya buɗe. Jan tiyo ya ba da rahoto kamar yadda aka yi alkawari. Mai ya jiƙa shi kwana biyu, zafin inji ya ƙarasa dafa shi, ya yi laushi kamar taliyar da aka manta a wuta. Tsakiyarsa ta manne, bakinsa ya zame daga famfo da robar keke da waya da komai, mai yana ɗiga a ƙasa ɗis, ɗis.

Mutanen rumfa suka taso kallo. Ganin taro, Injiniya ya farfaɗo.

"Jama'a, kada kowa shi tada hankali. Wanga abu mun san shi. Gurɓataccen mai na. Masu gidajen mai sun lalace."

Gado ya ce man nan shi suka sha wata guda ba abin da ya faru.

"To ƙafarka ta. Kana taka totur kamar mai kashe kunama."

Gado ya ce da ƙafar nan ya yi shekara talatin.

Injiniya ya rage murya ya ce akwai kuma maƙiya, don duk wanda Allah ya ɗaukaka sai an sa masa ido, kuma kowa ya ga irin kallon da wani bakanike ya yi wa motar a Jega. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma Injiniya ya hau nasa ya hango har Zuru.

Don ya nuna wa jama'a cewa tiyon lafiyarsa lau, ya yanko sabo daga naɗin, ya cusa baki ɗaya a bututun tanki, ya kafa bakinsa a ɗayan ya zuƙa da ƙarfin injiniya. Tiyon dai a wannan karon bai ba shi kunya ba. Mai ya taho gaba ɗaya. Ya shaƙe, ya fesar, ya yi ta kakari yana dafe da taya, shadda ta jiƙe daga wuya zuwa gwiwa, hular kwano ta faɗi ta gangara cikin kwata. Salima mai abinci ta kawo masa ruwa a buta tana cewa sannu, Alhaji, sannu. Bai samu numfashin gyara mata sunan ba.

Gado ya koma inuwa ya buga wa Hajiya Gudiya waya.

Awa huɗu albasa tana kwance ƙarƙashin tamfol a tsakiyar rana. Albasa kuwa ba ta son zafi ba iska. Tun ana jin ƙamshi har aka fara jin wani abu da ya wuce ƙamshi. Gado ya kwance igiya ya ɗaga tamfol ɗin gefe guda, yana taɓa buhunan sama yana girgiza kai.

Bayan la'asar wata tasi ta tsaya. Hajiya Gudiya ta fito, Jeremiah na biye da ita da jakar kayan aiki da baƙaƙen tiyo iri uku a wuya. Jeremiah ya wuce kai tsaye wurin inji. Ya ciro jan ya ajiye a ƙasa, ya gwada na farko a bakin famfo, ya gwada na biyu, ya shige daram. Ya yanka daidai tsawo, ya kauce da shi daga jikin inji, ya ɗaure da kilif. Ya sa ƙarami a na dawowa. Ya kwance filta, ya nuna wa Hajiya jajayen ɓarɓashin da suka toshe ta, ya sa sabuwa. Sannan ya waiwaya.

"Injiniya, taimaka mana. Danna wannan ɗan famfon hannu, ka yi ta dannawa har in ce ya isa."

Injiniya ya durƙusa ya yi ta dannawa, gumi na bin man da ke gemunsa. Tsakanin dannawa da dannawa ya sanar da 'yan kallo cewa wannan shi ne mataki mafi hatsari a duk aikin, shi ya sa ba a ba kowa sai ƙwararre. Kumfa ta gama fita, mai ya taho tsantsa, Gado ya murza. Roka ta tashi da murya irin ta lafiya.

Hajiya Gudiya ta sa aka sauko da buhu uku na sama, nata ne duka. Ta zura hannu ta ciro albasa, ta matsa, ruwa ya biyo yatsunta. Ta tako har gaban Injiniya ta riƙe masa ita daidai hanci.

"Waliyyu."

Ya dubi bayansa ko da wani take.

"Da kai nike, Waliyyu ɗan Amatullah, wanda nig goya ranar da uwarka ta tahi awo. Wata biyar ina bin albasar ga da ruwa. Ga abin da iliminka ya yi mata cikin wuni guda. Wadda ta rage, in Allah ya sa Gado ya riski kasuwa, mun gode. In bai riska ba, kai za ka zo ka yi wa jikokina jawabi su ci. Daga yau, ko madubin motar ga ya karkace, kada in ji ka gyara shi."

Injiniya ya buɗe baki zai kawo batun tsarin mulkin ƙungiya. Ta ce tsarin mulkin yana cikin buhun nan, in yana so ya zura hannu.

Aka shirya Jeremiah ya raka Gado har Koko yana sauraren inji, kujerar gaba kuwa mutum ɗaya take ɗauka. Roka ta hau kwalta ta miƙe kudu. Hajiya ta shiga tasi. Da Injiniya ya kama murfin ƙofa, direban ya leƙo ya ce ya yi haƙuri, warin man zai kama kujera, ga shi gobe yana da amarya da zai ɗauka.

Ƙura ta lafa. Aka bar Babban Darakta a bakin hanya da ragowar jan tiyo da 'yan kallo kamar goma sha biyar da ba su da wurin zuwa. Da ƙaramin mutum ne, da ya sunkuyar da kai. Injiniya kuwa ya tsamo hularsa daga kwata, ya kife ta a ka, ya hango tukunyar gas a rumfar Salima. Ya gyara murya.

"Jama'ar Andarai, ku shaida. Mu ba mu zuwa gari mu tahi ba mu bar alheri ba. A madadin sashen inji da sufuri, na ba baiwar Allah ga wanga tiyo kyauta, don ƙarfafa ƙananan sana'o'i."

Ya miƙa da hannu biyu, ya ɗan tsaya haka ko akwai mai ɗaukar hoto. Salima ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta lanƙwasa shi, ta leƙa ramin, ta karce bayan da farce, jan ya biyo farcen.

"Alhaji, na gode, amma ina da ɗiya ƙanana. Wanga ko kyauta ban sa shi ga tukunyata. Ba na gas ba ne na ƙwarai, jabu na, irin wanda ka tashin gobara." Ta ga fuskarsa, tausayi ya kama ta. "Amma kawo, ba a maida kyauta. Igiyar akuyata ta tsinke tun jiya."

Ta ɗaura baki ɗaya a wuyan akuyar, ɗayan a turken rumfa. Injiniya ya juya ga jama'a, ya fara bayanin cewa wannan shi ake kira fasaha mai amfani biyu. Akuyar ta hango ruɓaɓɓiyar albasar da aka zubar a bakin kwalta. Ta ja sau ɗaya. Tiyon ya ce ɓas, ta wuce abinta tana jan guntun a ƙasa.

Wani tsoho da ke cin shinkafa a kan benci ya bi ta da kallo, ya haɗiye lomarsa, ya ce, "Injiniya, ita ma gurɓataccen mai ta sha?"